Sun Binne Sadisu a Cikin Faifai

La Courneuve, 6 ga Maris, 2023

Zuwa ga Malam Rachidou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk jama'ar Lyon. Ya sanyi, ya ƙarfin jiki? Allah ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.

Ba ka san ni ba. Ni ce Hajiya Maimouna, matar marigayi Alhaji Sadisu, wanda kuka yi kiɗa tare a Lyon lokacin kuna samari. Adireshinka a wajen Alhaji Chaibou mai shagon atamfa na samu. Ya ce mini kunnuwanka sun daina jin tarho, na ce ko da suna ji ba zan kira ba. A rubuce aka yi mana ƙarya, a rubuce nake son amsa.

Jiya Lahadi 'yata Halimatou ta raka wata ƙawarta kasuwar masu tara tsofaffin fayafayai a Paris. Tana cikin zagayawa sai ta ga fuskar ubanta a jikin kwalin wani faifai, gashi ya cika kai kamar an kife masa kwando, gita a rataye a wuya, an rubuta sunan ƙungiyarku, Baƙin Ƙarfe, da manyan baƙaƙe. Wai faifan nan naku na 1974 ne aka sake bugawa. Ta ce Nasaru masu furfura sun yi layi suna saye, kowa na shafa kwalin kamar ya samu ɗan da ya ɓata.

Yarinya ta yi murna, ta ce wa mai tebur ɗin, "Wannan babana ne." Ya dube ta, ya buɗe wani ɗan littafi da aka saka a cikin kwalin, ya karanta mata a gaban jama'a. Wai Sadisu boka ne daga hamada, sai ya kira aljanu kafin ya taɓa gita. Wai ƙwaya ta cinye shi, ya mutu a ƙarƙashin wata gada a Lyon cikin sanyin 1975, aka binne shi babu suna. Sannan mutumin ya tambaye ta shekarar da aka haife ta. Ta ce 1988. Ya ce, "To madam, sai ki koma ki tambayi mahaifiyarki da kyau." Na kusa da shi suka fashe da dariya.

Ka ji, Malam? Ta koma ta tambayi mahaifiyarta. Ni ke nan.

Shekara talatin da huɗu na yi da mutumin nan. Shekara ashirin da takwas yana tuƙa bas, bai taɓa buge ko kare ba. Ko taba ban taɓa gani a bakinsa ba. Ya yi hajji sau biyu, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki huɗu. A kan gadonsa ya cika, cikin watan Nuwamba na 2016, kansa a kan cinyata, yana kalmar shahada. Wannan shi ne mutumin da aka jefar ƙarƙashin gada don a sayar da hayaniyar da kuka yi kuna yara.

Da Nasara ne kawai ya zauna ya ƙirƙira, da na ce rashin sani ne. Amma Halimatou ta ɗauko hoton shafin ƙarshe da wayarta, na sa ta karanta mini har sau biyu. An rubuta cewa duk wannan labari daga bakin Rachidou ya fito, mai gangar ƙungiyar, wanda shi kaɗai ya rage a raye.

Ban san abin da ya haɗa ku ba, ban san abin da ya raba ku ba sai ɗan abin da ya gaya mini. Amma ina tambayarka, kuma Allah yana ganinmu: me Sadisu ya yi maka da har ka kashe shi shekara arba'in kafin ajalinsa, ka kuma mai da 'ya'yansa shegu a bakin kasuwa?

Ina jiran amsarka. Ka gaida mutanen gida.

Hajiya Maimouna

*

Bron, 14 ga Maris, 2023

Zuwa ga Hajiya Maimouna,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Na amsa gaisuwarki, ina kuma gaishe ki da yara da jikoki. Ya haƙuri, ya zaman Paris?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, a wasiƙarki na fara jin rasuwar Sadisu. Shekara shida da wani abu yana kwance a ƙasa ban sani ba. Na karanta wurin sau uku, na cire tabarau, kafe ɗina ya huce a kan tebur ban taɓa shi ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Amma ki yi haƙuri, ba zan ɗauki kayan da ba nawa ba. Bari in gaya miki yadda aka yi tun daga tushe.

Mu uku ne. Ni daga Maraɗi, Sadisu daga wani ƙauye arewa da Tanout, sai Youssouf ɗan Aljeriya mai kaɗa gitar bas, wato mai kaurin sautin nan, shi ma ya rasu tuntuni. A masana'antar manyan motoci muka haɗu, muna kwana a foye ɗaya, gidan da ake tara leburori baƙi. Duk Lahadi muna shiga garejin wani bakanike mu ƙure ampili, na'urar ƙara sauti, har gilashin taga ya riƙa rawa. Kiɗan rok mai nauyi ne, irin wanda yake dukan mutum a ƙirji, amma da Hausa muke waƙar. A duk Faransa babu mai yin haka a lokacin. Kin kira shi hayaniya. Ba komai, wanda bai ci ba shi ke cewa miya ba gishiri. Ni dai kunnuwana biyu na bayar a kansa, kuma ban yi da-na-sani ba.

A ƙarshen 1974 muka ɗauki faifan cikin kwana biyu, aka buga mana guda ɗari uku. Kamar arba'in muka raba wa abokai da masu zuwa kallonmu. Sauran suna cikin kwalaye a ɗakin Sadisu. Wata safiya cikin Janairu na fito zan tafi aiki, wani ya ce mini ya ga abokina a kan gada da amalanke. Na ruga. Ina isa na tarar yana jefa kwalin ƙarshe cikin kogin Rhône. Na riƙe masa riga, na ce, "Sadisu, ka haukace ne?" Ya ɓamɓare hannuna yatsa ɗaya ɗaya, ya juya ya tafi. Washegari ɗakinsa wayam. Ko sallama babu. Shekara uku na guminmu ya bi ruwa, kuma bai ga na isa a ba ni dalili ba.

To bara wani Nasara mai shagon fayafayai a nan Lyon, Mushe Gaspard, wanda ya sake buga faifan, ya neme ni har gida. Ya ce guda arba'in ɗin nan da suka tsira, masu tara faifai suna farautarsu daga Jamus har Japan, wai akwai wanda ya shekara goma sha biyar yana nema bai ko taɓa ganin ɗaya da idonsa ba. Ya kunna na'urar ɗaukar magana ya ce ina Sadisu. Na ce masa, da Faransanci, "A wurina Sadisu ya mutu tun 1975, a kan gadar nan." Ke Bahausa ce, kin san abin da ake nufi in an ce wane ya mutu a wurina. Ya ce ko akwai abin da yake yi kafin ya fara kiɗa. Na ce yana karanta addu'a ya tofa a tafin hannu ya shafa. Shi ke nan bokancin. Maganar ƙwaya kuwa, wallahi tallahi ba daga bakina ta fito ba. Na ba shi zare, ya je ya saƙa bargo.

Abin da aka yi wa 'yarki ya ƙona mini rai, ki ba ta haƙuri. Amma ki sani, Hajiya, ni ma akwai abin da aka yi mini. Kin ce me Sadisu ya yi mini. Ga shi na faɗa. Da ya bar faifan nan ya rayu, da wataƙila ban ƙare rayuwata ina ɗaure ƙusoshin mota ba. In ya taɓa gaya miki dalilinsa, ki faɗa mini. In kuwa tuba ya yi ya ga kiɗa haramun ne, ai sai ya jefa rabonsa ya bar mana namu.

Na bar ki lafiya. Allah ya kai mu azumi da rai.

Naki cikin girmamawa,
Rachidou

*

La Courneuve, 27 ga Maris, 2023

Malam Rachidou,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ya ibada? Allah ya karɓa mana. Na ga ta'aziyyarka, na gode.

Kwana goma na yi ina juya wasiƙarka. Da fari na ce ba zan amsa ba, don mutumin da aka ce masa an wulaƙanta marainiya ya buɗe baki ya ce shi ma an yi masa, ban san ta inda zan kama shi ba. Magana zarar bunu ce, Malam. Shekararka nawa a ƙasar nan da ba ka san Nasara mai na'ura a hannu ba ya jin karin magana?

Amma ka nemi dalili, kuma na ga in ban faɗa ba zai bi ni kabari. Sau ɗaya tak Alhaji ya ba ni labarin nan, muna Mina, kuma bai ƙara ba.

Ka tuna shekarun nan fari ake yi a gida. Dabbobi sun ƙare, mutanen arewa suna ta gangarowa kudu da ƙafa. Tun cikin bazarar 1974 mahaifiyarsa, Inna Batula, ta sa aka rubuto masa cewa rumbu ya ƙare, ya zo ya kwashe su ita da ƙanwarsa Fatsima ya kai su Damagaram. Ya sa aka gaya mata ta jira shi, wata biyu kawai, akwai wani aiki da zai gama. Aikin nan shi ne faifanku. Aka ɗaga ranar ɗauka, aka sake ɗagawa. Wata biyu ya zama shida.

Ta jira har ta ga babu abin jira. Suka kama hanya su biyu da jaki ɗaya, suka bi ayarin mutanen garinsu. Fatsima ce ta fara faɗuwa. Inna Batula ta ƙi barin wurin. Takardar da ta ba shi labari ta yi wata uku a hanya, ta iso masa a makon da kuke ta murna kuna raba faifai ga abokai.

Yanzu ka tuna waƙar ƙarshe, doguwar nan. Halimatou ta ce a sabon bugun sun sa mata suna Kiran Aljanu, wai ita ce masu tara faifai suka fi so, wai in an saurara da kyau ana jin boka yana tsafi. Kai ka kaɗa mata ganga, ka san abin da yake faɗa a ciki. "Inna ki jira ni, ina tafe kafin gero ya ƙare." Ya ce mini a ɗakinsa akwai kwalaye cike da muryarsa, sau ɗari biyu da sittin yana yi wa uwarsa alkawarin da ya riga ya karya, ita kuwa tana ƙarƙashin rairayi ba a san ma wurin ba. Ya ce da zai iya jefa maƙogwaronsa a kogin da ya haɗa da shi.

Ka ce bai ga ka isa a ba ka dalili ba. Ba haka ba ne. Ya ce in ya buɗe baki ya gaya maka, kai ma za ka ɗauki rabin laifin, don kai ne ka riƙa cewa ya ƙara haƙuri a gama ɗauka tukuna. Ya ce gara ka ƙi shi da ka ƙi kanka. Ni da na so in rufe maka wannan kamar yadda ya rufe, amma ni ba Alhaji ba ce, ba ni da haƙurinsa, kuma ba ni ce na fara tono ba.

Ba tuba ya yi daga kiɗa ba. Har ya rasu, in yana tuƙi ko yana jiran shayi, yatsunsa na hagu suna motsi a kan gwiwarsa. Yara suna tsammanin tasbihi yake.

Abin da nake so guda biyu ne. Ka je wurin wannan Gaspard ka sa ya janye littafin ƙaryar nan. Sannan ya daina buga faifan gaba ɗaya. Mai shi ya jefa shi a ruwa da hannunsa, wa ya ba su izinin tsamo shi? Kuma ina da tambaya ɗaya da ka tsallake a wasiƙarka: kafin in rubuto maka, ka taɓa ganin littafin nan ko ba ka gani ba?

Ka huta lafiya.

Hajiya Maimouna

*

Paris, 18 ga Afrilu, 2023

Baba Rachidou,

Ina wuni, ya azumi? Ni ce Halimatou, 'yar Alhaji Sadisu. Ka yi haƙuri da Hausata, a nan aka haife ni, a bakin Maman na koya, rubutawa kuma sai a hankali.

Mako uku ke nan Maman tana sauka duba akwatin wasiƙa kullum, ga ciwon gwiwa, ga asansar ɗinmu na hawa bene ya lalace. Ba ka amsa mata ba. Ni na san dalili. Na shiga intanet na ga hotunan ranar da aka fito da faifan a shagon Mushe Gaspard, cikin Janairu. Kana zaune da hula mai kyau, kana dariya, kana sa hannu. A hoto na uku littafin yana buɗe a hannunka, daidai shafin gadar. Ka gani, Baba. Ka karanta ka yi shiru. Ban nuna wa Maman ba. Ina so kai ka gaya mata da kanka.

Akwai kuma abin da ba ta sani ba. Na koma na sayi faifan, a wajen wani mai tebur daban, ba wancan marar kunyar ba. Na saurara a gidan ƙawata. Franchement, ban san zan yi kuka haka ba. Ni Papa na sani mai magana a hankali, mai cewa a rage talabijin. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Sai ga shi yana ihu kamar zai tsaga sama, gitar tana kuka tare da shi. Maman tana so a daina buga shi. Ni ba na so. Wannan ma babana ne, kuma ba wanda ya taɓa ba ni shi.

Amma ba zan bar su da ƙaryarsu ba. Ranar Lahadi 7 ga Mayu akwai babbar kasuwar fayafayai a Lyon. Na ga a tsarin ranar Mushe Gaspard zai yi bayani a kan Baƙin Ƙarfe da ƙarfe uku, kuma kai ne babban baƙo. Na riga na yanki tikitin jirgin ƙasa. Zan zo da hotuna da takardar rasuwarsa.

Ba izini nake nema ba, Baba. Ina gaya maka ne don ka san inda za ka tsaya, kusa da ni ko kusa da su.

Sai mun haɗu.

'Yarka,
Halimatou

*

Bron, 9 ga Mayu, 2023

Zuwa ga Hajiya Maimouna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da Sallah, ko da yake ta wuce. Ina gaishe ki, ya gwiwa, ya yara? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san Halimatou ta riga ta ba ki labari, amma akwai abin da dole daga hannuna zai fito. Kin tambaye ni ko na ga littafin. Na gani, Hajiya. Tun cikin Janairu na karanta shi daga farko har ƙarshe. Na ce gobe zan yi magana. Amma ga mutane a layi suna kirana maestro, wani ya taso tun daga Beljika don ya taɓa hannuna. Shekara arba'in da takwas ba wanda ya taɓa tambayata ko na iya wani abu ban da ɗaure ƙusa. Na ce a raina ai Sadisu ya yar da faifan, me zai dame shi da abin da aka rubuta a kai? Daɗin yabo ya rufe mini baki. Wannan laifina ne, ba na Nasara ba.

Wasiƙarki ta biyu kuwa, ban iya amsawa ba don ban san da wane hannu zan riƙe alƙalami ba. Na tuna ranar. A bakin garejin nan ya nuna mini takardar Inna, na ce masa, "Haba Sadisu, tsofaffi ai kullum haka suke cewa, wata biyu ba ya kashe kowa." Da bakina na faɗa. Duk azumin nan ban yi sujada ɗaya ba tare da kalmar nan ta zo mini ba.

To ga abin da ya faru ranar Lahadi. Babban zaure ne cike da tebura. A tsakiya sun sa ɗaya daga cikin na asalin nan arba'in a akwatin gilashi, mai shi ba ya taɓa shi sai da farar safar hannu. Abin da muke ɗora kofin shayi a kai a foye! Da ƙarfe uku Gaspard ya tara mutane kamar ɗari, ya sa waƙar ƙarshe. Suka rufe ido suna kaɗa kai. Ya ce, "Ku ji yadda yake kiran iskokin hamada." Sannan ya miƙo mini makirfo ya ce in ba su labarin daren da bokan ya mutu.

Na tashi. Na ce a mai da waƙar daga farko. Aka mayar. Duk layin da Sadisu ya rera, sai in ɗaga hannu a tsayar, in faɗa musu ma'anarsa da Faransanci. Inna ki jira ni. Kada ki sayar da akuyar. Ki ce wa Fatsima na saya mata takalmi. Na ce, "Wannan shi ne tsafin da kuke ji. Yaro ne yake yi wa uwarsa magana lokacin yunwa, kuma ba ta jira ba, don ni na hana shi tafiya." Na ce ni ne na yi maganar da aka juya, na kuma ga ƙaryar na yi shiru.

Sai Halimatou ta fito. Hajiya, kin haifi 'ya. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗaga hotonsa da rigar aiki a gaban bas, ta ɗaga na ranar sunanta yana riƙe da ita, ta ɗaga takardar rasuwa, ta karanta kwanan watan a hankali har sau biyu. Ta ce, "An ce in koma in tambayi mahaifiyata. Na tambaya. Ga amsar."

Kada ki ɗauka duk sun ji kunya. Wani mai gashi ɗaure a ƙeya ya ce da ƙarfi, "Kun ɓata mana faifan. Direban bas! Wa zai saurari direban bas?" Na ce masa, "Mushe, kai faifai aka ɓata maka. Ita uba aka kashe mata tun ba a haife ta ba." Gaspard kuma ya fara cewa wai almara wani ɓangare ne na kiɗan rok, wai girmama shi suka yi. Halimatou ta ce in haka ne ya ba ta sunan mahaifinsa, ita ma ta girmama shi a rubuce. Fuskarsa ta yi ja kamar gauta. A gaban kowa ya yarda zai janye littafin, ya buga sabo da abin da iyalin Sadisu suka rubuta da hannunsu, ya kuma nemi gafara a shafin farko.

Akwai wata tsohuwa, Nasara, ta zo da sanda. Ta ce ta gan mu muna kiɗa a 1974, Sadisu da kansa ya ba ta faifan, yana nan a gidanta ba ta taɓa tunanin sayarwa ba. Ta kama hannun Halimatou ta ce, "Na daɗe da sanin kuka yake yi. Wanda yake yi wa ne ban sani ba."

Amma ki ji ƙarshen abin. Kafin mu kai ƙofa, duk faifan da ke da littafin ƙaryar an wawashe shi daga tebura. Wai tunda za a janye, zai zama abin da ba a samu. Har da mai gashin nan, guda uku na gani a hammatarsa. Mutanen nan, Hajiya, ƙarya ma tara ta suke yi.

Maganar daina buga faifan ban yi ta ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Ke da 'ya'yanki kuke da wannan hukunci, Gaspard ya san haka yanzu. In kin ce a daina, ni zan fara sa hannu. Amma na ga fuskar Halimatou lokacin da muryar ubanta ta cika zauren nan, kuma ban ga abin da zan ce a raba ta da shi ba.

Roƙo ɗaya gare ni, in ban yi rashin kunya ba. Ina so a nuna mini kabarinsa.

Ki gafarce ni in za ki iya. Na bar ki lafiya.

Rachidou

*

La Courneuve, 15 ga Mayu, 2023

Malam Rachidou,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka, muna lafiya, Allah ya sa kai ma haka.

Faifan ya zauna, tunda 'ya'yansa suna so. Amma waƙar ƙarshe a cire mata wancan suna, a rubuta Batula da Fatsima. Ba su da kabarin da aka sani, to su samu wannan.

Ka zo ranar Juma'a da jirgin safe, Halimatou za ta ɗauko ka a tasha. Bayan an sauko daga masallaci za mu kai ka inda yake. Ni zan tsaya daga bakin ƙofar maƙabarta, abin da za ka faɗa masa ba nawa ba ne.

Za ka ci abinci a gidansa, don da yana raye ba zai bar ka ka koma da yunwa ba. Gafarar da ka nema kuwa, ba na ba da ita a takarda. Sai na ga fuskarka.

Allah ya kawo ka lafiya.

Hajiya Maimouna